Wasan kwaikwayo kan ƙuruciya da cuta: Me ke taɓa mai kallo a karkarar Kano?

Ba kasafai ake auna abin da wasan kwaikwayo ya bari a zuciyar mai kallo ba bayan an kashe talabijin kowa ya watse. Galibi da yawan masu kallo ake yanke wa shiri hukunci, ko kuma da irin ƙurar da ya tayar.

Shirin MTV Shuga, wanda ke ba da labarin matasa da abotarsu da yadda cutar ƙanjamau ke shiga tsakaninsu, yana cikin 'yan ƙalilan da masana suka bi sawun masu kallonsu watanni bayan sun gani, har da gwajin asibiti.

Sakamakon ya ja hankalin masu harkar kiwon lafiya a ƙasashe da dama. Sai dai a biranen kudu maso yammacin Najeriya aka yi binciken, kuma hakan ya bar wata tambaya: shin abin da ya motsa matashi a ƙasar Yarbawa zai motsa takwaransa a Dambatta ko Bichi ko Gezawa?

Labarin shirin

A ƙasar Kenya aka fara Shuga a shekarar 2009, ƙarƙashin gidauniyar MTV Staying Alive. Cikin 'yan wasan zangon farko akwai Lupita Nyong'o, wadda daga baya ta ci lambar yabo ta Oscar a Amurka.

A 2013 shirin ya koma Legas, inda marigayi Biyi Bandele ya ba da umarni.

Jigon labarin ba baƙo ba ne. Akwai Femi, saurayin da ya dawo gida daga Nairobi ɗauke da ƙwayar cutar HIV, yana fama da tunanin yadda abokansa za su ɗauke shi idan suka sani. Akwai Sophie, ɗalibar da ke hulɗa da wani attajiri da ya girme ta saboda abin hannunsa. Akwai kuma ƙanwarta Princess, wadda a zango na gaba ta wayi gari da ciki da kuma ƙwayar cutar.

Abin da ya bambanta shi da tallan gargaɗi da aka saba ji a rediyo shi ne, sai da mai kallo ya saba da mutanen, ya yi dariya da su, ya ji haushin wasu, kafin cutar ta bayyana. Lokacin da sakamakon gwaji ya fito, ya fito ne a kan wanda aka riga aka sani.

A zangon 2018 ne aka shigo da 'yan Arewa sosai. Rahama Sadau ta fito a matsayin Yasmin, malamar makaranta, Yakubu Mohammed kuma a matsayin mijinta Mahmud. Amal Umar ta fito a matsayin Hadiza, yarinyar da aka aurar da ita tana ƙarama alhali zuciyarta na wajen karatu. Yawancin labarin ya gudana ne a wata makarantar sakandare, tsakanin 'yan mata da samari 'yan aji ɗaya.

Abin da aka auna

Masana uku ne suka jagoranci binciken: Abhijit Banerjee, wanda ya samu kyautar Nobel kan tattalin arziki a 2019, da Eliana La Ferrara, da Victor Orozco-Olvera na Bankin Duniya.

Sun tattara matasa fiye da 5,000 'yan shekara 18 zuwa 25, a wuraren kallo 80. Aka yi ƙuri'a: wasu suka kalli zangon Shuga na 2013, wasu kuma aka nuna musu wani shirin nishaɗi mai suna Gidi Up, wanda ba ya ɗauke da saƙon kiwon lafiya.

Bayan wata takwas, waɗanda suka kalli Shuga sun ninka sauran wajen zuwa gwajin HIV. An kuma samu raguwar wata cutar sanyi da ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda likitoci ke kira kilamidiya, a tsakanin matan da suka kalli shirin.

Ba a kowane fanni aka ga canji ba. Amfani da kwaroron roba, wanda shirin ya yi ta nanatawa, bai ƙaru yadda aka yi fata ba.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga mai son fahimtar masu kallo shi ne wannan: tasirin ya fi ƙarfi a kan waɗanda suka ce labarin ya tafi da su, suka kuma ga kansu a cikin 'yan wasan. Wanda ya zauna yana kallo daga nesa, kamar mai leƙen gidan wasu, bai canza sosai ba.

A nan ne batun karkarar Kano ya shigo.

Mai kallo a ƙauye

Ƙananan hukumomin da ke arewa da birnin Kano, irin su Dawakin Tofa da Minjibir da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, suna cikin yankin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari saboda cunkoson jama'arsa. Gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya kowace shekara da taimakon takin gida.

A irin wannan zama babu wanda ba a san gidansu ba. Wanda ya shiga asibitin garin da safe, kafin azahar an san ya shiga. Femi na iya ɓoye halin da yake ciki a Legas na tsawon watanni. Saurayi a ƙauyen da ke bakin madatsar ruwa ta Tomas ba shi da wannan damar, kuma ya san haka tun yana kallo.

Yadda ake kallon ma daban ne. Samari na taruwa a gidan kallo mai janareta, inda ƙwallon ƙafa da fina-finan Indiya da aka fassara suka fi kasuwa. Mata da 'yan mata kuwa sun fi kallo a waya, daga fina-finan da masu turawa ke zuba wa mutum a kasuwa ranar da take ci. Wayar na iya zama ta yaya ko ta maigida, kuma sau da yawa ana kallon ne da ƙanne a gefe, uwa na jin sautin daga ɗaki.

Shirin da ke maganar saduwa da kwaroron roba ƙarara, da Turanci ko Turancin buroka, a gidan rawa da wurin shaƙatawa na Legas, zai yi wuya ya wuce wannan shingen. Kunya a nan wani ɓangare ne na tarbiyya, kuma yarinyar da aka ji tana kallon irin wannan a gaban manya ta jawo wa kanta magana.

Yanayin da masana'antar fim ta Kano ke ciki ma ya nuna iyakar abin da jama'a ke lamunta. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ, inda aka gan su suna rungumar juna. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fina-finai a Kano bayan malamai sun yi masa ca. Hukumar tace fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin ba a kai su an tace ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa mutanen karkarar Kano ba sa karɓar labarin cuta a majigi. Tarihi ya nuna akasin haka.

Daga Baban Larai zuwa Gezawa

Tun zamanin Turawan mulkin mallaka motocin majigi ke shiga ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci bayan sallar isha'i, a nuna fina-finan tsafta da noma. Dattawa da dama har yau suna tuna Baban Larai. Masani Brian Larkin, wanda ya yi bincikensa a Kano, ya yi bayani mai tsawo kan wannan al'ada a littafin da ya wallafa a 2008.

An sake ɗauko ta a lokacin da ake tsananin buƙata. A 2003 jihar Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan inna saboda zargin tana ɗauke da sinadarin hana haihuwa, ba a dawo da ita ba sai a 2004. Zargin bai taso daga sama ba: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba.

Bayan dawo da rigakafin, iyaye da yawa sun ci gaba da ɓoye 'ya'yansu. A ƙaramar hukumar Gezawa wasu likitoci suka gwada majigi. Suka gayyaci masu unguwanni da limamai da ungozomomi da wanzamai da masu shela, aka nuna yadda ƙwayar cutar ke yaɗuwa, aka kuma nuna yaran da ta nakasa da halin da iyayensu ke ciki, sannan aka buɗe fagen tambayoyi.

Rahoton da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa adadin yaran da aka yi wa rigakafi a yankin ya ninka kusan sau huɗu cikin wata shida. Adadin kafin nunin da na bayansa kawai aka kwatanta, don haka ba za a jingina wa majigin dukkan nasarar ba. Amma ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ake rufe wa masu rigakafi ƙofa. A watan Agustan 2020 aka ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Gwaji na biyu ya fi kusa da batun matasa. Orozco-Olvera, ɗaya daga cikin masu binciken Shuga, tare da Ericka Rascón-Ramírez, sun kai wani shiri mai suna My Better World ƙauyukan Kano da Jigawa. Shirin na zane ne, yana bin rayuwar wasu matasa shida 'yan Afirka da ke fuskantar matsalolin makaranta da gida da abota, ana kuma haɗa shi da labaran mutane na gaske. An nuna shi da Hausa, ana tattaunawa bayan kowane nuni.

Binciken ya shafi gidaje fiye da 9,000. Sakamakon da Bankin Duniya ya wallafa a 2023 ya ce bayan shekara guda adadin yaran da ba sa zuwa makaranta ya ragu da kashi 42 cikin ɗari a inda aka yi nunin. Karatu da lissafin yaran kuwa ba su inganta ba sai a gidajen da aka ƙara wa wayar hannu mai manhajar koyon karatu.

Wannan shiri ba kan cuta yake ba. Darasinsa dai a fili yake: iyaye a ƙauyen Kano sun zauna sun kalli labarin samari da 'yan mata, kuma sun canza shawara a kan 'ya'yansu. An yi musu magana da harshensu, a gaban mutanen da suke ganin girmansu, kuma ba a nuna abin da zai sa uba ya tashi ya bar wurin ba.

Wace cuta?

Akwai kuma batun cutar da aka gina labarin a kanta.

Babban binciken ƙasa kan ƙanjamau, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Yankin Arewa maso Yamma ne mafi ƙaranci, da kashi 0.6. A jiha mai yawan jama'a kamar Kano wannan ma mutane ne masu yawa, kuma tsangwamar da suke sha ba wasa ba ce.

To amma cutar da kusan kowane ɗan makaranta a ƙauye ya san wani mai ita, ita ce amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a Najeriya kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kusan yaro ɗaya cikin biyar na ɗauke da rukunin jini na AS.

Mai AS lafiyarsa ƙalau. Matsalar na zuwa ne idan ya auri mai AS: a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Lissafin na kowane ciki ne daban, shi ya sa wani gidan za a haifi uku a jere da cutar, wani kuma a haifi shida babu ko ɗaya, abin da ke sa wasu iyaye shakkar bayanin likita.

Ƙwayoyin jinin mai SS kan lanƙwashe kamar lauje idan iskar da ke cikin jini ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani ke tasowa, wanda sanyin hunturu, dukan ruwan sama, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro ko aikin ƙarfi kan tayar. Ƙwayoyin kuma ba sa daɗewa, shi ya sa jini ke yawan ƙarewa, ido ya yi ɗorawa.

A ƙauyen da darajar yaro ke tafiya da ƙarfinsa a gona, wannan cuta na taɓa abota kai tsaye. Sa'o'insa na fita noma da gayya shi yana kwance. Girman jikinsa kan yi jinkiri, ƙannensa su kere shi. Yarinya kuwa tana ganin ana kai kayan ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke ɗaukar wa aboki jakar makaranta, ko ya goya shi a keke zuwa asibitin Dambatta ko Bichi cikin dare, ba sai an ƙirƙiro shi ba. Yana nan a kowace gunduma. Ba mamaki kuma wasu daga cikin yaran da a da ake kira 'yan wabi wannan ciwon ne ya ɗauke su ba a sani ba.

Kudancin ƙasar ya taɓa batun a fim. Omotola Jalade-Ekeinde ta yi suna ne da Mortal Inheritance na 1996, inda ta fito a matsayin mai sikila. Tunde Kelani ya fitar da Dazzling Mirage a 2014, kan wata matashiya mai cutar da ke fafutukar aiki da aure. Dukkansu labaran 'yan birni ne masu ilimin boko.

Doka ta riga labari

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano. Gwajin ya haɗa da rukunin jini, da HIV, da ciwon hanta nau'in B da C. Dokar ta tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar ga wanda ya saɓa, ta kuma haramta tsangwamar masu ɗauke da waɗannan cututtuka.

Doka na iya kai mutum ɗakin gwaji. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne yadda zai yi idan takardar ta fito AS da AS, bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, kuma yarinyar 'yar baffansa ce. A yankin da auren zumunci ya zama ruwan dare, fasa aure kan taɓa gidaje biyu da ke shan ruwa a rijiya ɗaya.

Masu gwajin sun daɗe suna ba da shawarar a san rukunin jini tun ana makaranta, kafin zuciya ta kama wani. Wato shekarun da wasan kwaikwayo irin Shuga ke magana a kansu su ne shekarun da sanin ya fi amfani.

Mai rubuta irin wannan labari a yau yana da abin da na shekarun baya ba su da shi, domin ba dole ne labarin ya ƙare da makoki ba. Fina-finan Indiya da masu kallo a Kano suka saba da su, daga Anand na 1971 zuwa Kal Ho Naa Ho na 2003, sun koya musu cewa jarumi mai ciwo mutuwa yake yi a ƙarshe, a yi kuka a tashi. Ga mai sikila da ke zaune cikin masu kallo, wannan ba nishaɗi ba ne.

A Kano ɗin ne kuwa aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da suka canza yadda ake kula da yara masu cutar a Afirka. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, tare da takwarorinsu na Kaduna da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi amfani da na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa don gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Daga nan suka ɗora yara 220 a kan maganin haidiroksiyuriya, wanda ake sha sau ɗaya a rana.

Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo na maganin yana rage haɗarin shanyewar jikin sosai, ba tare da an dogara da ƙarin jini kowane wata ba, wanda yawancin iyalai ba za su iya ba.

Na'urar da ƙwararrun dai sun fi yawa a cikin birni. Iyalin da ke Kunchi ko Tsanyawa sai sun haɗa kuɗin mota, sun bar gona ranar aiki, kafin su kai yaro inda za a auna shi.